Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Da Shugabannin Asibitocin Arewacin Kamaru: A Gwada Maigida, A Daina Duban Hularsa

Mai girma Ministan Lafiyar Jama'a, da wakilanka na jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, da likitocin da aka danƙa wa riƙon asibitocinmu, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki.

Ni tsohon malamin makaranta ne a nan Garwa. Ilimin halittu na koyar a sakandare har ranar da na ajiye alli. Na iya Faransanci daidai gwargwado, da shi na ci abinci, amma da gangan na rubuto muku wannan wasiƙa da Hausa. Wanda zai fassara muku ita ba zai yi wuyar samu ba. In kuwa kun ɗan ji ƙunci kuna jiran tafinta kafin ku san abin da ake faɗa a kanku, to kun ɗanɗana kaɗan daga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Asibitocinmu ba sa duba namiji a inda ya kamata a duba shi, wato a maganar haihuwa. Sannan suna duba shi a inda bai kamata ba: hularsa, tsagar fuskarsa, da harshen da ya yi sallama da shi. A ganina cutar ɗaya ce, kuma a rana ɗaya, kan benci ɗaya, na ga fuskokinta biyu.

Ina da ɗan'uwa, ɗan baffana, wanda ya yarda in ba da labarinsa muddin ban kama suna ba. Ya yi aure da ƙuruciyarsa, yana da sana'arsa. Shekara ta zagayo babu ko ɓatan wata, ta biyu haka, ta uku haka. Kun san yadda gidajenmu suke. Ba wanda ya kalle shi, ita aka sa wa ido. Aka yi mata rubutu, aka yi mata hayaƙi, ta sha saiwoyi har cikinta ya gaji, daga bisani aka kai ta asibiti. Can ma aka yi ta awo, har da hoton nan mai zafi da ake zuba ruwa a mahaifa don a ga ko hanya a buɗe take. Duk wannan sintiri shi ke ɗauko ta a babur, ya sauke ta, ya zauna a inuwar darbejiya a bakin ƙofa yana jira. Ko likita ɗaya bai taɓa cewa a kira maigidan ya shigo ba. A shekara ta biyar ya sake ta, ta bar gidan da sunan juya a kanta. Ta yi aure a Ngaundare, kafin shekara biyu tana goye da ɗa. Ko wannan bai sa dangi sun waiwayo kansa ba. Cewa aka yi jininsu ne bai haɗu ba.

Ya sake aure, tarihi ya maimaita kansa. Sai a shekara ta tara na samu na ja shi da lallami zuwa gwajin maniyyi. Sau biyu ana yi, sau biyu takarda na cewa babu ƙwaya ko ɗaya. Muka kama hanya, mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na kwana zuwa Yawunde. Likitan da ya gan shi a can bai yi minti biyar yana duba shi ba ya fara zargin abin da ke akwai: dogon mutum, gemu ɗan tsiraru, maraina ƙanana masu tauri. Aka ɗebi jini aka aika gwaji, sakamako ya dawo ya gaskata shi. An bar jaki shekara tara ana dukan taiki, alhali abin da ake buƙata a farko hannun likita ne da minti biyar.

Bari in koma aji na ɗan lokaci, ba don in koya wa likitoci aikinsu ba, sai don sauran mutanen da wasiƙar za ta faɗa hannunsu. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam tana ɗauke da ƙunshin saƙon gado guda 46, waɗanda ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu daga ciki su ke raba namiji da mace: mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi. Ƙwayoyin maniyyi ne suka rabu, wasu X wasu Y, kuma wadda ta riga isa ita ke yanke ko za a haifi mace ko namiji, da ikon Allah. A 1990 masu bincike a Landan suka gano ɗan guntun saƙon da ke kan Y, mai suna SRY, wanda shi ke sa tayi ya kama hanyar zama namiji. Saboda haka matar da ake yi wa gori wai sai mata take haifa, ana ƙaro mata kishiya a kan haka, ana tuhumarta ne a kan abin da ba daga jikinta ya fito ba. Na faɗi wannan a aji shekara da shekaru, yara su rubuta a jarrabawa su ci maki, su girma su yi wa matansu gorin.

Abin da ya sami ɗan'uwana shi ne an halicce shi da ƙarin X guda, wato XXY, ƙunshi 47 maimakon 46. Wani likita a Amurka, Harry Klinefelter, ya bayyana alamominsa a 1942, shi ya sa ake kiransa da sunansa, a 1959 kuma aka gano ƙarin X ɗin ne sanadi. Yana samun wajen namiji ɗaya cikin 600, kuma mafi yawansu har su koma ga Allah ba su san suna da shi ba. Ku lissafa mazan da ke tsakanin Banyo da Kuseri ku ga ko mutum nawa ke nan. Ba sammu ba ne, ba baki ba ne, ba kuma laifin uwa ko uba ba. Kuskure ne da ke aukuwa a rabon ƙunshin, ta wajen uwa ko ta wajen uba, ba tare da kowa ya yi komai ba.

Akwai wani kuma da ke kan Y ɗin kansa. Tun 1976 wasu masana biyu a Italiya suka lura cewa wasu mazan da ba su da ƙwayar maniyyi, wani yanki na Y ɗinsu ya gutsure. Daga baya aka raba wurin gida uku, AZFa da AZFb da AZFc. Sanin wanne ne ya ɓata ba ƙawa ba ce. Idan na farko ko na biyu ne ya tafi ɗungurungum, ko an tsaga maraina ana neman ƙwaya ba za a samu ba, kuma gara a gaya wa mutum gaskiya tun bai sayar da shanunsa da gonarsa ba. Idan na uku ne, sau da yawa akan sami 'yan ƙwayoyi, a ɗauki guda a cusa ta cikin ƙwan matarsa, dabarar da aka fara a Beljiyam a 1992. Sai dai duk ɗa namiji da aka samu ta haka zai gaji gutsurewar, domin Y daga uba yake zuwa ga ɗa kai tsaye. Mukan ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to ga gadon da ya kamata a zaunar da miji da mata a yi musu bayaninsa da harshen da suke ji kafin su yanke shawara. Wasu mazan kuma ƙwayar tana nan lafiya lau a maraina, bututun da zai fito da ita ne ba a halicce su da shi ba, wannan ma daga gado.

Abin da ke ruɗar mazanmu shi ne suna ganin ruwa, suna jin ƙarfi, sai su ce su kam lafiyarsu ƙalau. Ƙarfin kwanciya daban, ƙwayar haihuwa daban. Mafi yawan ruwan daga wasu sassa yake fitowa, ƙwayoyin ɗan ƙaramin kaso ne a cikinsa, ido ba ya ganinsu sai da madubin awo. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa miliyan 16 a kowace mililita a matsayin iyakar ƙasa da ake dubawa. Hukumar ta kuma ce a 2023 mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai kason namiji a ciki. Suratus Shura ta faɗa mana Allah Yana ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya bar wanda Ya so babu haihuwa. Ban ga inda aka ce wannan na ƙarshe mata kaɗai ya shafa ba.

Ba duka ne gado ba, kuma a nan ne sakacin ya fi ciwo, domin sauran ana iya tare su. Ciwon sanyi da ba a yi wa magani da kyau ba yana toshe hanya. Tsargiya, wadda yaranmu ke ɗauka a ruwan Lagdo da Maga da fadamun shinkafar Yagwa, har wasu ke ɗaukar fitsarin jini alamar balaga, ƙwanta yana sauka a gabobin da ke haɗa maniyyi. Hangum in ya kama namiji bayan ya balaga yakan sauka maraina. Jijiyoyin jini da suka kumbura a wurin suna dumama shi, alhali maraina na son sanyi fiye da sauran jiki, shi ya sa aka rataye su a waje. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna, don haka zazzaɓin cizon sauro mai zafi guda ɗaya yana iya ɓata sakamakon gwaji na tsawon wata biyu zuwa uku, kuma likitan da ya yanke wa mutum hukunci da gwaji ɗaya bai yi masa adalci ba. Ga tiramol da samarinmu ke haɗiya kamar gyaɗa, wanda yawan shansa ke rage sinadarin mazakuta. Ga kuma allurar sinadarin mazakutar kanta da ake yi wa mutane da sunan ƙarin ƙarfi: jiki in ya ga an kawo masa daga waje sai ya rufe nasa aikin, ƙwaya ta ƙafe. Mutum ya biya kuɗinsa don ya sami ɗa, a yi masa abin da ke hana ɗan.

Yanzu ga abin da na gani a kan benci. Ranar da aka yi wa ɗan'uwana gwaji na biyu, a wani asibiti da ba zan ambata ba, mun tarar da mutane a layi tun asuba. A gabanmu akwai wani Bororo mai matsakaicin shekaru, sandarsa jingine da bango, yana riƙe da takarda irin tamu. Kusa da shi wani mutumin duwatsun Mokolo, Fulatancinsa guntu-guntu, Faransanci babu. Ni kuwa na sha babbar riga, na gaida ma'aikacin da Faransancin malaman makaranta. Nan take aka karɓi takardarmu, aka ba mu kujera a ciki, aka yi mana bayani a hankali: a ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, a kawo abin gwajin cikin awa guda. Na tsallake mutanen da suka riga ni da awa biyu, ban ce uffan ba. Na faɗi wannan ne don kada ku ɗauka mai tsarki ne ke yi muku wa'azi.

Da layi ya zo kan Bororon, daga bakin taga aka yi masa bayani, da ƙarfi, da Faransanci, har da kwatance da hannu. Waɗanda suka ji suka tuntsire da dariya. Shi bai fahimci kalma ɗaya ba, amma ya fahimci dariyar. Na matsa na fassara masa a kunne. Ya ce, “Modibbo, rugarmu tafiyar yini ce daga nan. A ina zan yi abin da suke so?” Na tambaya ko akwai ɗaki, aka nuna mini bayan gida na kowa da kowa, ƙofarsa ba sakata. Ya yi shiru, ya ɗauki sandarsa, ya yi mini godiya, ya fita. Pulaku, wato kunya da kamun kai irin na Fulani, ba zai bar shi ya tsaya a yi masa dariya sau biyu ba. Na san abin da zai biyo baya a rugar, domin na gan shi a gidanmu: wata mata za ta ci gaba da shan saiwa.

Wani zai ce ai wannan talauci ne da rashin boko, ba ƙabilanci ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma garken wannan bawan Allah ya ninka fanshona sau ban san adadi ba. Ba aljihunsa aka duba ba. Kitsonsa aka gani, aka riga aka yanke cewa ba zai gane ba, ba zai kai ƙara ba, kuma ba shi da kowa a ofis. Haka ake yi wa mutumin dutse, haka ake yi wa ɗan gudun hijirar sansanin Minawawo da ya zo da Hausa ko Barbarci ko Turancin Najeriya.

Wulaƙanci a maganar haihuwa yana kashe aure. A wasu cututtukan maza kuwa awoyi ake ƙirgawa. Yaro in marainansa suka murɗe, jini ya daina zuwa, likitan tiyata yana da kimanin awa shida kafin abin ya mutu. Saurayi mai sikila in gabansa ya miƙe ya ƙi kwanciya, ya wuce awa huɗu, yana iya rasa mazakutarsa har abada. Ku ɗauka wannan saurayin ya iso ƙofar asibiti, wadda ta rako shi uwarsa ce ko yayarsa, ita ce kuma za ta yi masa tafinta. Me kuke tsammani zai ce? Zai ce ciwon ciki ne. A ba shi lamba, a ce ya jira, masu babbar riga irina su yi ta wuce shi.

Ba mu kaɗai ne da wannan cuta ba, kuma abin da ya faru a wasu ƙasashe ya isa darasi. A Amurka, daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiyarsu ta bi sawun ɗaruruwan maza baƙaƙe masu ciwon tunjere a Taskigi ba tare da yi musu magani ba, har bayan an sami fenisilin, don kawai a ga yadda ciwon ke cin mutum. A 2016 wani bincike a Jami'ar Bajiniya ya tarar kusan rabin farar fatan da ke koyon likita da aka tambaya sun yarda da aƙalla ƙarya ɗaya game da jikin baƙar fata, irin su wai fatarsa ta fi kauri, kuma masu wannan tunani sun fi raina zafin ciwon da baƙi ke ji. Da na karanta wannan sai na tuna sau nawa na ji ana cewa mutanen dutse ba sa jin ciwo, Bororo kuwa ƙarfe ne. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na kansar furostat, 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Baƙaƙen Amurka suna mutuwa da ita kusan ninki biyu na farare, kuma gaskiya ne akwai kason gado a yawan kamuwa da ita. Amma a 2019 da aka duba asibitocin tsofaffin sojojinsu, inda kowa ke shiga ta ƙofa ɗaya a yi masa magani iri ɗaya, sai aka ga in cutar ta kai mataki ɗaya baƙi ba su fi farare mutuwa da ita ba. Abin da aka daɗe ana jingina wa jini, ashe babban kasonsa yana bakin ƙofar asibiti.

Ga kuma abin da Y ɗin nan ke faɗa a kanmu mu 'yan Arewa, wanda na so a ce kowane ma'aikacin lafiya ya sani. Tunda daga uba yake sauka ga ɗa kusan ba canji, ana bin sawun zuriyar maza da shi kamar yadda mahauci ke bin jijiya. A 2010 wasu masana daga Roma, ƙarƙashin Fulvio Cruciani, suka bayyana wani reshe da suka kira R1b-V88. Inda ya fi yawa a duniya shi ne nan, duwatsun Mandara: a cikin ƙabilar Uldeme ta wajen Mora sama da tara cikin goma na mazan da aka gwada suna ɗauke da shi, yana da yawa kuma a Mafa da Mada da Giziga. Ana samunsa a cikin Hausawa, ana samunsa a wasu Fulani. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san harsuna, domin Hausa da Mafa da Giziga da Musgum da Masa da Kotoko duk dangi ɗaya ne, dangin harsunan Cadi. Wato Bahaushen da ke ɗage hanci yana cewa arne ko kirdi, mai yiwuwa kakansu na wajen uba ɗaya ne da wanda yake rainawa. Abin dariyar ma, ɗan'uwan wannan reshe shi ne ya fi yawa a mazan Faransa da Ingila. A kudu kuma, a cikin ƙabilar Mbo, aka sami reshen A00 da aka bayyana a 2013, wanda ya fi kowane reshen Y da aka sani tsufa. Ƙasar nan rumbu ce ta tarihin ɗan Adam. Wannan sawu bai sa wani ya fi wani lafiya ko daraja ba. Abin da ya nuna kawai shi ne hula da tsaga da harshe ba sa gaya wa likita abin da ke cikin jinin mutum.

Duk da wannan rumbu, ilimin gadon da likitocinmu ke aiki da shi a jikin wasu aka gina shi. Wani lissafi na 2019 ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu Turawa ne, 'yan asalin Afirka wajen kashi 2. Gwajin da aka tsara da jinin Bature yana iya wuce irin namu canjin bai gan shi ba, ya ce lafiya lau. Ɗan ƙasarmu Farfesa Ambroise Wonkam ya yi kira a 2021 a karanta saƙon gadon 'yan Afirka miliyan uku. Yanzu da Garwa ke da jami'arta tun 2022, da sashen koyon likita, ga kuma reshen Cibiyar Pasteur ta gwaje-gwajen lafiya a garin, ina roƙo kada Arewa ta zama wurin zuwa ɗibar jini kawai. Duk wanda za a ɗebi jininsa a gaya masa dalili da harshensa, ya yarda ko ya ƙi, kuma a dawo masa da labarin abin da aka gani.

Laifi tudu ne. Mu ma da ke kuka muna da namu sunayen da muke jifan mutane da su. Bafulatani ya ce kaɗo, mu mu ce arne, ɗan kudu ya ce mana wajo, mu ce masa gadamayo. Na san ma'aikaciyar jinya da aka turo daga kudu ba ta jin ko “sannu” da Fulatanci, ita kaɗai a kan gadaje da yawa, cikin zafin Afrilu da ke haura maki 40. In ta yi tsawa ba lallai mugunta ba ce, wani lokaci gajiya ce da rashin abokin magana. Na kuma ga ɗan Arewa da ya sami ɗan muƙami yana yi wa ɗan'uwansa na ƙauye abin da baƙo ba zai yi ba. Shi ya sa ba na neman a kori kowa. Tsari nake nema wanda ko ma'aikaci ya tashi da baƙin rai, mara lafiya zai sami haƙƙinsa.

Kun nuna kuna iyawa. Tun 2015 da aka kawo cakin lafiya a jihohin nan uku, mace mai ciki ta biya sefa 6,000 a kula da ita har ta sauka, mata da yawa sun ga amfaninsa, kuma mun gode. To ku buɗe wa namiji ƙofa irin wannan. A kafa doka a kowane asibiti cewa duk matar da ta zo da kukan rashin haihuwa, ba za a kai ta ga awo mai tsada ko mai zafi ba sai an ga mijinta, an duba shi da hannu, an gwada maniyyinsa. Gwajin ba allura, ba yanka, madubin awo ne da ma'aikaci mai horo, kuma ya fi kusan duk awon da ake yi wa mace araha. Likita in ya ce “doka ce”, ya sauke wa matar nauyin da ba za ta iya ɗauka ba, domin a gidajenmu macen da ta ce wa miji ya je a gwada shi tana wasa da igiyar aurenta.

Sai ɗaki. Ɗaki ɗaya tak mai sakata da ruwa kusa da ɗakin gwaji, da bayani a asirce, ba ta taga ba. Wannan bai kai kuɗin taya huɗu na motar ofis ba. Sai tafinta na aiki, mai albashi, mai rantsuwar riƙe sirri, namiji ga maza, mace ga mata, aƙalla a Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa da Barbarci da babban harshen yankin da asibitin yake, Mafa a Mokolo, Tupuri da Mundang a wajen Kaele, Masa a Yagwa. Samarinmu masu takardar bakaloriya ta gama sakandare suna nan suna acaɓa, kowanne da harshe uku a bakinsa.

A kan karne, wato katin asibitin mara lafiya, kuma a riƙa rubuta harshen da mara lafiya ke ji, da lokacin da ya iso, da lokacin da likita ya gan shi. Na ce harshe, ban ce ƙabila ba, kuma da saninsa na faɗa. Wanda ya ga abin da ya faru a Logon Birni a 2021 tsakanin Larabawa Shuwa da Musgum, har dubban mutane suka tsallaka Cadi, ba zai so a tara sunayen mutane da ƙabilunsu a rajista ba. Amma harshe da agogo sun isa su tona komai. Bayan wata shida shugaban asibiti ya zauna da rajistarsa ya ga wa ke jiran minti ashirin, wa ke jiran awa huɗu. In ƙarya nake yi, lissafin zai ƙaryata ni, kuma zan yi murna.

Gwajin kuromosom da na Y ba sai an kafa shi a kowane gari ba. Jini ke tafiya, ba sai mutum ya tafi ba. A ɗiba a Marwa ko Garwa ko Ngaundare, a aika, sakamako ya dawo, a sami wanda ya san yadda ake gaya wa magidanci irin wannan labari ba tare da an karya shi ba. Jaririn farko da aka samu ta haɗa ƙwai a waje a ƙasar nan an haife shi a Duwala tun 1998, babbar cibiyar gwamnati ta wannan aiki kuma a Yawunde aka buɗe ta a 2016. Malaman Azhar sun halatta aikin tun 1980 in dai ƙwan matar ne da maniyyin mijinta kuma auren na nan. Saura hanya da kuɗi. Ban ce ku kawo mana cibiyar gobe ba, amma mutum ya san tun daga gida ko tafiyar tana da amfani. Ku kuma sa ido kan masu allurar ƙarfin maza a kasuwanni, ku ja limamai da fastoci a jiki, domin kalma ɗaya a huɗubar Juma'a cewa namiji ma yana iya zama sanadi ta fi allon talla ɗari.

Ɗan'uwana yana nan, matarsa ta biyu ta zaɓi ta zauna bayan an gaya mata komai, suna riƙon marayun wani ƙaninsa. Ya taɓa ce mini abin da ke hana shi barci ba rashin ɗa ba ne, shekara biyar ɗin da yarinyar mutane ta yi tana shan ɗaci a kan laifin da ba nata ba. Ya aika mata da neman gafara ta hannun yayarsa. Ba ta ba da amsa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Bororon nan kuwa, da ya fita, a kan benci ya bar takardarsa. Na ɗauke ta don kada wani ya karanta sunansa ya ƙara wata dariyar. Tana nan cikin akwatina, da hatimin asibitin da kwanan wata, wurin rubuta sakamako babu komai. In kun aiko wanda zai saurara, zan rufe sunan da yatsa in nuna masa sauran.

Na gode, ranku ya daɗe.

Tsohon malamin ilimin halittu,
Garwa.